Daga Gusau Zuwa Kucheri: Wa Ke Biyan Kuɗin Magani?

Mai bin hanyar Gusau zuwa Funtua a ’yan shekarun nan ba ya sammako, ba ya kuma bari yamma ta riske shi. Direbobi kan dakata sai rana ta ɗaga, motocin Funtua sun fara shigowa gari, an tambayi masu shigowa yadda suka baro hanya, sannan a ɗaure kaya a yi bisimilla. Haka muka yi a kakar bana, ranar da na nufi Kucheri, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, don sunan jikan Kawuna. Sai da aka yi wa maijegon tiyata aka ciro yaron. Saƙon da ya iso mana Gusau kuwa daɗi da ɗaci ne a haɗe: uwa da ɗa sun tashi lafiya, amma rabin abin da gidan ya noma ya tafi wajen biyan asibiti.

Ni ma’aikacin gwamnatin tarayya ne, ina da katin inshorar lafiya. In zazzaɓi ya kama ni ko iyalina, asibitin da na zaɓa muke zuwa, a ga likita, a yi gwaji, in biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, mu dawo gida. Kawu ya girme ni, ya fi ni iyali, ya kuma fi ni shan wahalar nema, amma ba shi da madogara sai Allah sai gonarsa. Tun da aka sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya a 2022 ake ta faɗin cewa yanzu kowa zai shiga tsarin, ko ta ƙofar gwamnati ko ta kamfani mai zaman kansa. Gani ya kori ji. Na yi niyyar in buɗe kunne da ido a wannan tafiya, in ga wace ƙofar ce ta buɗe wa mutanenmu.

Daga Lalan zuwa Kwatarkwashi

Mun bar shataletalen Lalan, muka wuce Damba, muka bar Jami’ar Tarayya ta Gusau a gefen hanya. Dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, an tuge waken suya an tara shi tsibi-tsibi, an noma ko’ina har bakin kwalta. Wanda bai san dawan garin ba zai ce yalwar himma ce. Gaskiyar ita ce gonakin nesa sun gagari masu su, wasu an bar su sun zama saura, wasu sai an biya ’yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Shi ya sa kowa ya matso kusa da titi. Muna tafiya muna cin karo da shingaye, na sojoji da ’yan sanda da na Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024, har dutsen Kwatarkwashi ya bayyana daga nesa, garin na kwance a gindinsa.

Wanda ke zaune kusa da ni matashi ne, ya rungume akwatin sanyi irin na allurar rigakafi a cinya. Malamin asibiti ne a wata ƙaramar cibiyar lafiya da ke can cikin ƙauyuka. Da hira ta yi nisa na tambaye shi ko masu katin kamfanonin inshora na zuwa wurinsu. Ya girgiza kai.

“Yallaɓai, tun da na kama aiki ban taɓa ganin katin kamfani a teburina ba. Mutanenmu iri biyu ne: ’yan kaɗan masu katin gwamnati, da masu kwance bakin zane su biya. Na biyun su ne kusan kowa.”

Ya yi mini bayanin yadda abin yake tafiya. Duk wanda aka yi wa rajista a wata cibiya, akwai kuɗin da ake biyan cibiyar a kansa kowane wata, ko ya zo ko bai zo ba. Da wannan kuɗi ake sayen maganin zazzaɓi, na hawan jini, kayan awon ciki da na karɓar haihuwa. Abin da ya fi ƙarfinsu sai su rubuta takarda su tura babban asibiti, can kuma a biya gwargwadon aikin da aka yi.

“In kuɗin sun zo a kan kari, wallahi aiki na daɗi,” in ji shi. “In sun yi jinkiri, mai kati zai zo in rubuta masa magani in ce ya je kemis. Gobe ko da ka roƙe shi ba zai yarda kati na da amfani ba. Kuma ni yake gani, ba ya ganin wanda ya riƙe kuɗin.”

Yadda aka faro

Maganar wannan matashi ta mai da ni ga asalin tsarin. An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa, NHIS, da dokar soja a 1999, amma bai fara aiki ba sai 2005, zamanin Shugaba Obasanjo. An gina shi a kan albashi: mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10 cikin 100 na tushen albashin ma’aikaci, ma’aikaci ya zuba kashi 5, a kula da shi da abokin zamansa ɗaya da ’ya’ya huɗu ’yan ƙasa da shekara 18. Ko a nan an bar gidajenmu a baya, domin mai mata biyu da ’ya’ya goma sai ya ƙara kuɗi kafin sauran su shiga. Kuɗin kuwa ba kai tsaye suke zuwa asibiti ba. Sai sun bi ta hannun kamfanonin da ake kira HMO, su ne masu biyan asibitoci. Koke ya yi yawa cewa kuɗi na maƙalewa a tsakani, har a 2017 shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Usman Yusuf, ya fito fili ya yi fito-na-fito da kamfanonin a kan haka. Bayan shekara goma sha uku ana aiki, binciken lafiyar al’umma na ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 3 ne kacal cikin 100 na ’yan shekara 15 zuwa 49 ke da wata inshorar lafiya.

Gyara na farko mai muhimmanci ga talaka ya zo da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu. Ita ce ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kusan rabi na tafiya wajen biya wa marasa ƙarfi inshora, mafi yawan sauran kuma ga cibiyoyin lafiya na gundumomi don magani da gyara da ma’aikata. Ba a sa kuɗin a kasafi ba sai 2018, inda aka ware kimanin naira biliyan 55. A raba wannan ga al’ummar ƙasar, kowa bai samu naira 300 a shekara ba.

Gyara na biyu shi ne na ranar 19 ga Mayu, 2022, da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta rushe NHIS ta kafa hukumar NHIA. Dokar ta wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasa, ta ɗora wa jihohi gudanar da nasu tsarin, ta kafa asusu na musamman don masu rauni, waɗanda aka ƙiyasta sun kai miliyan 83. Ta kuma rage wa kamfanonin HMO iko a kan kuɗin jama’a: su sayar da nasu tsarin ga mai so, ko a ɗauke su aikin gudanarwa, amma asusun na hannun hukuma. A Zamfara, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, ZAMCHEMA, ita ce ke riƙe da wannan amana, kamar yadda Kano ke da KSCHMA, Sakkwato ke da SOCHEMA.

Zango a Tsafe

A Tsafe motar ta tsaya sauke fasinja, abokin hirata ya sauka ya hau babur da akwatinsa. Garin na Tsafe yana da babban asibiti, yana kuma da Kwalejin Kimiyyar Lafiya da Fasaha, inda ake horar da irin wannan matashi. Na shiga wani kemis kusa da tasha in saya wa maijego sabulu da man jarirai. Ina tsaye wata mata ta shigo da yaro a goye, jikinsa zafi rau. Mai kemis ya faɗi kuɗin maganin zazzaɓin. Ta kwance bakin mayafi ta ƙirga, ta ce, “Malam, a ba ni na ɗari biyar.” Ya ɗauki almakashi ya yanko mata ’yan ƙwayoyi daga jikin katin maganin.

Wannan almakashi shi ne tsarin lafiyar mafi yawan mutanenmu. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Najeriya daga aljihun majiyyaci yake fita a ranar da ciwo ya kama shi. Tun 2023 abin ya ƙara tsananta: an cire tallafin mai, darajar naira ta faɗi, manyan kamfanonin magani irin su GSK suka sanar da tattara nasu ya nasu, farashi ya yi tashin gwauron zabi. Rabin magani ba ya kashe ciwo, lallashinsa yake yi ya dawo da ƙarfi, ranar da zai dawo kuma sai da ƙarin jini.

A zauren Kawu

Daga Tsafe zuwa Kucheri ba nisa, amma nan ne hira kan mutu a cikin mota. Kowa ya san sunayen Magazu da Kucheri da Wanzamai daga labaran tare hanya. Direba ya taka mota, wani dattijo a gaba yana jan carbi, har muka iso lafiya.

An raɗa suna da safe kafin in iso, na tarar ana rabon waina da naman rago. Bayan la’asar, da jama’a suka ragu, muka zauna a zaure da Kawu da limamin unguwa da wasu maƙwabta. Ba wanda ya yi mini maganar komawa Gusau a ranar, don kowa ya san ba a shiga hanya da yamma.

Kawu ya ba ni labarin daren. Naƙuda ta zo bayan isha’i, ungozoma ta yi iya yinta, can cikin dare jijjiga ta kama yarinyar. Ba direban da zai fita a wannan lokaci, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Sai da gari ya waye aka sami mota. A asibiti aka ce tiyata, a kawo jini leda biyu, a sayo kayan aiki.

“Ɗana, ba a ciniki da rai,” in ji Kawu. “Masara da waken suya munka fitar, sannan bijimin huɗa guda. Ka kuwa san kaka ce, hatsi ba shi da daraja. Abin da munka sayar da arha yanzu, shi za mu saya da tsada in damina ta faɗi.”

Nan na gane cewa ciwo sau biyu yake cin manomi: ranar da ya biya asibiti, da ranar da ya koma kasuwa sayen abin da ya noma da hannunsa. Bijimin da ya tafi kuma gonar baɗi ce ta ragu.

Na ce, “Kawu, ba ku ji sanarwar da ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya yi a Nuwamban 2024 ba, cewa za a riƙa yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka tantance?”

Ya dube ni. “Wa za ya gaya muna? Kuma ran da ɗiyarka ke jijjiga, kana da lokacin tambayar wane asibiti ne cikin lissafi?”

Wani maƙwabci ya ce shi ya san katin gwamnati. An taɓa zuwa rajista a gundumarsu, aka ce masu ciki, da yara ƙanana, da tsofaffi, da naƙasassu, da marasa galihu. Jama’a suka yi dafifi, amma guraben ba su da yawa, kuma ana tambayar lambar shaidar ɗan ƙasa, wadda mata da yawa ba su da ita. Aikin kuma da na’ura ake yi, sai da sabis. A jihar da aka taɓa rufe layukan waya baki ɗaya a Satumban 2021, kuma har yau wasu ƙauyukan sai an hau tudu ake samun kira, wannan ba ƙaramin shinge ba ne.

Na bayyana musu cewa bayan gurbin kyauta akwai na biyan kuɗi: mutum ya zuba wani abu a shekara, shi da iyalinsa, in ciwo ya zo a duba su. Kawu ya yi shiru, sannan ya juya ga liman.

“Allah gafarta Malam, wanga abu ba caca ba ne? In ban yi ciwo ba kuɗina sun tafi ke nan?”

Liman ya gyara zama. Ya ce abin da malamai ke ƙyama shi ne cinikin da wani ke neman riba da abin da ba a san tabbacinsa ba. Amma jama’a su haɗa abin hannunsu da niyyar taimakon wanda larura ta faɗa wa, wannan yana da asali, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash’ariyyawa saboda in abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage wuri ɗaya su raba daidai. Wanda bai yi ciwo ba ya sami lafiya, ya kuma sami ladan wanda aka yi wa magani da kuɗinsa.

Kawu ya gyaɗa kai. “Ashe adashi ne, sai dai mai ciwo ka ɗauka. To ni ban ƙi ba. Amma sharaɗi biyu: su zo karɓa da kaka, lokacin da muke da abin badawa. Kuma in na tai da kati, in iske magani.”

Ban taɓa jin wani masani ya taƙaita matsalar inshorar lafiya a karkara fiye da haka ba.

Ƙofar kamfani

Da na dawo Gusau na nemi wani abokina da ke aiki a banki. Shi katin kamfani gare shi, wurin aikinsa ke biya. Ya nuna mini manhajar a wayarsa: jerin asibitoci, iyakar kuɗin da za a kashe masa a shekara, har da tabarau da haƙori. Ba ya bin dogon layi. Damuwarsa biyu ce. Wani lokaci sai an jira lambar izini daga ofishin kamfanin kafin a yi masa gwaji mai tsada, kuma asibitocin da ke jerin a Zamfara ba su taka kara sun karya ba, mafi yawansu a cikin Gusau. In abu ya yi tsanani sai Sakkwato, Zariya, Kano ko Abuja.

Dokar 2022 ta yi wa irin waɗannan kamfanoni abu biyu. Ta janye musu riƙon kuɗin gwamnati, ta kuma buɗe musu kasuwa, tunda ta wajabta wa duk mai ma’aikata biyar zuwa sama ya yi musu inshora. Manya irin su Hygeia, Avon da AXA Mansard a Legas suke da hedikwata, inda bankuna da kamfanonin waya da na mai suke. Wannan ba abin zargi ba ne, haka lissafinsu yake. Kamfani na son mutane da yawa a wuri ɗaya, masu albashin da za a cire kuɗi daga tushe, akasarinsu matasa masu lafiya. Kucheri kishiyar haka ce. Kuɗi sau ɗaya suke shigowa a shekara. Bin gida-gida don karɓa ya fi abin da za a karɓa tsada. In aka bar shiga ga ganin dama, masu ciwo da masu ciki ne za su fara zuwa, asusu ya ƙare kafin shekara ta zagayo. Ga asibitoci nesa, ga hanya ba aminci. Ko dokar ta ce dole sau dubu, babu kamfanin da zai buɗe ofis a nan. Saboda haka duk wanda ya ce gasa tsakanin kamfanoni za ta kai magani ƙauye, bai bi wannan hanya ba.

Ba mu kaɗai muka tarar da haka ba. Amurka, uwar kamfanonin inshora, da ta yi gyaranta a 2010 zamanin Obama, ƙofa biyu ta buɗe: ta tallafa wa masu matsakaicin hali su sayi ta kamfani, ta kuma faɗaɗa Medicaid, wadda gwamnati ke biya, don masu ƙaramin ƙarfi. Da Kotun Ƙoli ta ce a 2012 faɗaɗawar zaɓi ce ga jihohi, jihohin da suka ƙi su ne aka bar talakawansu da yawa ba madafa. Ghana ta kafa nata tsarin a 2003, ta ɗora shi a kan harajin kashi 2.5 cikin 100 na kayan saye, ba a kan albashi kaɗai ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun mai da maganin yara ’yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta tun wajen 2006, mata suka yi tururuwa zuwa asibiti a Maraɗi da Damagaram, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya bar ɗakunan magani da yawa fayau. Darasi biyu ke nan: talaka sai da kuɗin hukuma, kuɗin hukuma kuma sai sun iso a kan lokaci.

Goggo a Bunguɗu

Kafin hutuna ya ƙare na bi hanyar Sakkwato zuwa Bunguɗu, garin Sarkin Fulani, in kai wa Goggo goron suna. Ta daɗe tana fama da hawan jini. A da, in an sami kuɗi ta sha magani, in babu ta jiƙa saiwa ta yi tawakkali, har wata rana ta faɗi a tsakar gida. Yanzu tana cikin waɗanda aka yi wa rajistar kyauta a gundumarsu. Ta ciro katin daga cikin kwalla, a naɗe cikin leda.

“Ɗan nan, duk wata nake zuwa. Yarinyar nan ta ɗaura mini abin awo a hannu, ta ba ni ƙwayoyina, ban ba da ko sisi ba. Wani watan a ce ɗaya ya ƙare, in saya. Amma ka ga ƙafata ta daina kumbura.”

Na ji daɗin wannan ziyara, don ta nuna mini abin ba tatsuniya ba ne. Inda kuɗi suka iso, ma’aikaci yana nan, magani yana nan, tsohuwa ta tsira daga shanyewar ɓarin jiki da ƙwayar da ba ta kai kuɗin kwanon dawa ba. An kuma yi wasu yunƙuri na gaske. Hukumar NHIA ta ce waɗanda ke cikin tsarin a faɗin ƙasa sun haura miliyan 19 a ƙarshen 2024. Kuɗin da ake biyan asibiti a kan kowane mai katin tarayya, wanda ya daɗe a naira 750 a wata, an ɗaga shi ya kusa ninkawa a 2025. A Zamfara, Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya a farkon 2024, aka shiga gyaran asibitoci. Sai dai miliyan 19 a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 yana nufin a cikin kowane mutum goma, tara na waje. Goggo ta shiga, maƙwabciyarta mai ciwon suga ba ta samu gurbi ba.

Abin da hanya ta koya mini

Gyaran 2022 ya raba aiki, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Kamfani zai kula da mai albashi a birni, kuma ya kamata a tsaya a kansa ya yi hakan da gaskiya, ya biya asibitoci a kan kari, kowane mai ma’aikata ya sa nasa a ciki. Amma manomi da makiyayi da mai talla da ɗan gudun hijira, waɗanda su ne Zamfara, ba su da ƙofa sai ta hukuma. Wajabta inshora a kan wanda ba a tanadar masa hanyar biya ba, ba ya ƙara ko ƙwaya ɗaya a ɗakin magani.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su riƙa ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kusantar wannan ba. Kashi 1 na asusun matakin farko ya yi kaɗan, a ƙara shi. Jiha da ƙananan hukumomi 14 su zuba nasu kason da doka ta ɗora musu, su zuba da wuri. Masu iya biya a karkara a je musu da kaka, ta hannun ƙungiyoyin manoma da masu unguwanni da suka amince da su. Zamfara na da Hukumar Zakka da Waƙafi, tana da attajirai da ’yan siyasa masu rabon shinkafa da azumi. Biya wa maraya ko gwauruwa kuɗin magani na shekara sadaka ce da ta fi buhu daɗewa. Sannan a tuna cewa kati ba ya aiki da dare a hanyar da mota ba ta bi. Tsaron hanya, da motar ɗaukar majiyyaci, da ungozomar asibiti mai kwana a gari, duk cikin inshorar suke.

Mu ma da ke da kati da albashi akwai namu. Zamfara na da gundumomi 147, kuma tsarin ya tanadi aƙalla cibiya ɗaya a kowace gunduma da za ta riƙa karɓar kuɗin asusun kai tsaye, tare da kwamitin mutanen gari da ke sa ido a kan yadda ake kashe su. Wanda ya je gida ya nemi shugaban kwamitin gundumarsu, ya tambaya nawa suka shigo, me aka saya, mutum nawa aka yi wa rajista, su wa aka bari. Ya raka iyayensa mata su yi lambar ɗan ƙasa tun kafin masu rajista su dawo. Ya gaya wa masu ciki na gidansu asibitin da za a nufa tun ciki na wata biyar. In kuma yana da hali, ya ɗauki nauyin mutum ɗaya daga danginsa a bana. Haƙƙi ne da doka ta ba mutanenmu, kuma ba zai iso Kucheri da Bunguɗu ba sai ’ya’yansu sun tashi sun bi sawunsa.